Tsoron Hawa Jirgin Sama

 Yau maganarmu a kan wani tsoro ce wanda mutane da yawa suke ɓoyewa saboda kunya, watau tsoron hawa jirgin sama. Akwai dattijon da ikilisiya ta tara masa kuɗin ziyara zuwa Urushalima, da ranar tafiya ta matso sai ya fara kawo uzuri. Akwai uwar da 'yarta ta haihu a ƙasar waje, aka aiko mata da tikiti, ta ce ƙafa ke damunta. Akwai kuma mara lafiyar da likita ya ce sai an kai shi Masar ko Indiya, amma tsoron jirgi ya fi masa ciwon nauyi. Na ƙarshen nan ne ya fi damunmu, gama jinkiri yana iya cin ransa.

Ba za mu ce wa 'yan'uwan nan bangaskiyarsu ce ta gaza ba. Tsoronsu yana da tushe. Mutanen Kano ba su manta da ranar 4 ga Mayu, 2002 ba, sa'ad da jirgi ya fāɗa kan gidaje a Gwammaja. A Disamba 2005 wani ya fāɗi a Fatakwal da 'yan makaranta masu komawa gida hutun Kirsimati. A Oktoba 2006 wani ya fāɗi a Abuja, har Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Amma mu dubi lissafi da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, a rahotonta na 2023, mutum wajen miliyan 1.19 suke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya. A wannan shekara ta 2023 kuwa, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya ta ƙidaya tashin jirage miliyan 37, a cikinsu hatsari guda ne ya ci rayuka, a ƙasar Nefal, inda mutum 72 suka rasu. Ashe motar da ta kai mu filin jirgi ta fi jirgin hatsari nesa ba kusa ba. Duk da haka muna shiga motar haya mu yi barcinmu, amma ƙofar jirgi muke tsoro. Don me? A mota muna ganin hanya, muna ganin direba, in ya cika gudu mu ce, "Direba, a hankali!" A jirgi an rufe ƙofa, ba mu ganin matuƙi, kowace ƙara kuma baƙuwa ce a kunnenmu. Rabin tsoron daga rashin sani yake, don haka bari mu bi tafiyar daki-daki.

Tambaya ta farko ita ce, me yake riƙe da wannan ƙaton ƙarfe a sama? Iska ce. Muna ɗaukar iska kamar ba kome ba ce, amma miƙa tafin hannu ta tagar mota tana gudu, ka ɗan karkata shi sama, za ka ji an ɗaga hannun da ƙarfi. Haka fiffiken jirgi yake aiki. Yana danna iska ƙasa, iskar kuwa tana ɗaga shi sama. Aikin inji shi ne tura jirgin gaba kawai. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi yadda zai ci gaba da tafiya da guda ɗaya har ya sauka. In ma duka biyun suka mutu, ba ya faɗowa kamar dutse, yakan yi ta shawagi yana saukowa a hankali kamar shirwa. A 2001 mai ya ƙare wa wani jirgi da ya taso daga Kanada zuwa Fotugal, yana bisa teku. Ya yi tafiyar wajen kilomita 120 ba inji, ya sauka a wani tsibiri, mutum 306 da suke ciki duka suka tsira. A Janairu 2009, a Amurka, tsuntsaye suka shiga injina biyu na wani jirgi, matuƙinsa Chesley Sullenberger ya saukar da shi a kan kogin Hudson, ba a rasa ko ɗaya daga mutum 155 ba.

Lokacin tashi, jirgin zai yi ruri, ya sheƙa da gudu har sama da kilomita 250 a awa, ka ji an manne ka da kujera. Da ya bar ƙasa za a ji "gum" a ƙarƙashin ƙafa. Tayoyi ne aka naɗe. Jim kaɗan sai ƙarar inji ta ragu, cikinka ya ba ka kamar ana nutsewa. A nan ne mutane da yawa suke kiran sunan Yesu da ƙarfi! Ba abin da ya lalace. Matuƙi ne ya rage wuta, gama ƙarfin da ake bukata don barin ƙasa ya fi na ci gaba da hawa, jirgin kuwa yana kan hawansa. Kunne zai toshe, irin yadda yake yi wa matafiyi a Hawan Kibo in ana haurawa Jos. Haɗiye yawu, ko hamma, ko tauna cingam yakan buɗe shi. Jariri kuma a ba shi nono.

Abin da ya fi razana fasinja shi ne gargada. Jirgi yana tafiya lafiya, tsayin ƙafa dubu 35, sai ya fara jijjiga, shayi ya zube. Iska ba a kwance take ba. Wata mai zafi tana hawa, wata mai sanyi tana sauka, wata tana gilmawa kamar ruwan kogi, jirgi kuwa yana ratsa su kamar yadda kwalekwale yake ratsa igiyar ruwa. Wanda yake bakin taga zai ga fiffike yana lanƙwasa, hankalinsa ya tashi. Da gangan aka yi shi haka, gama reshen da yake lanƙwasa ba ya saurin karyewa. Kafin a yarda wani sabon irin jirgi ya ɗauki mutane, sai an gwada fiffikensa da nauyin da ya ninka mafi girman abin da ake tsammani zai gamu da shi sau ɗaya da rabi. Hatsarin gargada a kan jikin mutum yake, musamman wanda bai ɗaura bel ba. A Mayu 2024 gargada mai tsanani ta sami jirgin da ya taso daga Landan zuwa Singafo, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, jirgin kuwa ya sauka lafiya. Don haka bel ya zauna a ɗaure muddin kana zaune, ko fitilar bel ta mutu.

Haka nan in an jinkirta tashi saboda hazon hunturu ko hadarin damina, mu rage gunaguni. Matuƙin da ya ƙi tashi cikin hazo yana tsaron ranmu ne, da nasa ma, gama shi ma yana da iyali masu jiransa.

Manzo Bulus ya san tsoron tafiya. A wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa ya faɗa cewa sau uku jirgin ruwa ya fashe da shi, duk da haka bai daina shiga jirgi ba. A Ayyukan Manzanni sura 27, ana kai shi Roma a ɗaure, hadiri ya yi ta kora jirginsu har dare goma sha huɗu, su mutum 276. Allah ya riga ya sanar da shi ba wanda zai hallaka. Amma da ma'aikatan jirgin suka so su sulale a ƙaramin jirgi, Bulus ya gargaɗi jarumin soja cewa in mutanen nan suka tafi, sauran ba za su tsira ba. Mu lura da wannan. Mutumin da yake riƙe da alkawarin Allah bai rena gwanintar ma'aikata ba, gama ya san Allah yana aiki ta hannunsu. Bayan haka ya roƙi kowa ya ci abinci, ya ɗauki gurasa, ya yi godiya a gabansu, ya ci. Jirgin ya fashe kam, amma dukansu suka kai gaci a tsibirin Malita. Mu ba a aiko mana mala'ika kafin kowace tafiya, ba kuwa za mu yi muku alkawarin da Allah bai yi ba. Abin da muka sani shi ne ranmu yana hannunsa a kan gado, da cikin mota, da bisa gajimare, matuƙa biyun da suke gaba kuma ana jarraba su a kai a kai cikin na'urar da take kwaikwayon mutuwar inji, da gobara, da hadari.

To, mai shirin tafiya ya bi gurbin Bulus, ya ci abinci kafin ya tashi, gama yunwa tana ƙara fargaba. Ya rage kofi da goro a ranar, suna sa bugun zuciya. Ya isa filin jirgi da wuri. In da hali ya nemi kujera daidai fiffike, can jijjiga ta fi sauƙi, baya kuwa ta fi yawa. Ya gaya wa ma'aikaciyar jirgi cewa wannan ne hawansa na farko, ba abin kunya ba ne, sun saba. In zuciya ta fara dukan uku-uku, hannu yana gumi, ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja, yana maimaita wata aya da ya haddace. Firgita irin wannan takan kai ƙarshen ƙarfinta cikin 'yan mintoci, sa'an nan ta sauka da kanta. Wanda tsoronsa ya kai ga hana shi barci tun makonni kafin tafiya, ya je wurin fasto a yi addu'a, ya kuma ga likita, gama akwai hanyar da ake saba wa mutum da abin da yake tsoro kaɗan kaɗan, tana kuwa aiki. Kada ya sayi maganin barci a kemis da kansa.

Saura sauka. Wajen rabin awa kafin isowa ƙarar inji za ta yi ƙasa, kunne ya sāke toshewa. Za a ji kukan na'ura a fiffike, ana buɗe shi ne domin jirgin ya iya tafiya a hankali, sa'an nan "gum" na tayoyi suna fitowa. Wani lokaci ana dab da ƙasa sai matuƙi ya sāke ba da wuta ya koma sama. Bai gamsu da saukar ba ne, ko wani jirgi bai gama barin hanya ba, zai kewayo ya sāke gwadawa. Da tayoyi sun taɓa ƙasa inji zai yi ruri mai ƙarfi, jiki ya zame gaba. Birki ke nan. A zauna da bel a ɗaure har jirgin ya tsaya cik, fitilar ta mutu.