Gigin Tsufa: Yadda Za Ku Zauna da Tsohon da Mantuwa Ta Kama

In kuna da tsoho ko tsohuwa a gida da ke maimaita tambaya ɗaya sau goma, ko ya fita kasuwar Tibati ya kasa gane hanyar komawa, kada ku yi saurin cewa sammu ne. Kada kuma ku yarda a kira tsohuwa mayya don tana yawo da dare tana surutu. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda muke kira gigin tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi. Mafi yawansu suna da irin wanda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki su ma suna kawo shi.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba. Amma tsoro da fushi da ke addabar mai ciwon, waɗannan kuna iya rage su a gida, ba tare da kashe ko dala ba.

Mai gigin tsufa jiya ta kuɓuce masa, gobe kuma tana ba shi tsoro. Abin da ke gabansa yanzu shi ne yake iya riƙewa. Don haka ku taimake shi ya tattara hankalinsa a kan abu ɗaya. Ku zaɓi lokaci guda kullum, zai fi kyau kafin magariba, domin da faɗuwar rana ne ruɗewa ta fi tashi. Ku kashe rediyo, ku sa yara su ɗan matsa. Ku zauna daf da shi inda zai ga fuskarku, ku riƙe hannunsa, ku ja numfashi a hankali ku sake. Ba sai kun yi masa bayani ba. Sau da yawa zai bi ku da kansa. Minti biyar sun isa.

Sai ku ba hannunsa abin da ya saba. Hannu ba ya mantuwa da wuri kamar baki. Wanda ya yi shekaru yana su a tafkin Mbakaou, ku miƙa masa tsohuwar koma ya riƙa shafawa. Tsohuwa ku ba ta gyaɗa ta ɓare, ko da rabi za ta zube. Musulmi ku sa masa carbinsa a hannu. Kirista ku rera masa waƙar coci da ya koya yana yaro. Ku yi masa magana da harshen da ya tashi da shi, Hausa ne ko Fulfulde ko Gbaya, gama Faransancin makaranta yakan riga gudu.

Abu ɗaya ne muke roƙo ku bari: jarraba shi. "Baba, ka gane ni? Wane ne ni?" Wannan tambaya kunya take jawo masa, kunya kuma ta koma faɗa. Ku ce, "Baba, ni ce 'yarka, na zo mu zauna." In ya nemi matarsa da ta rasu tuntuni, ba lallai ku sabunta masa makoki ba. Ku ce ya ba ku labarinta.

Ke mai jinya, numfashin nan naki ne ke ma. In ranki ya ɓaci, ki fita tsakar gida ki ja shi sau goma kafin ki amsa.

Amma in ruɗewa ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da zazzaɓi, kada ku ɗauka tsufa ne. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari, ko sukari na iya jawo haka, kuma ana maganinsu. Ku kawo shi asibitin Ngaoubela a ranar, tare da duk magungunan da yake sha.