FASHIN BAƘI: Ƙudirin tsare likitoci shekara biyar da abin da yake nufi ga majinyatan Tarauni

A ranar Alhamis, 6 ga Afrilun 2023, Majalisar Wakilai ta Tarayya ta yi wa wani ƙudiri karatu na biyu, kuma kafin a rufe mako ƙurar da ya tayar ta mamaye asibitocin koyarwa na ƙasar nan. Ƙudirin, wanda Ganiyu Johnson, ɗan majalisa na jam'iyyar APC daga Jihar Legas, ya gabatar, ya nemi a hana duk likitan da aka horar a Najeriya cikakken lasisin aiki har sai ya yi shekara biyar yana duba marasa lafiya a gida. Bai kai ga zama doka ba, amma tambayar da ya bijiro da ita tana nan daram: wace hanya ce ƙasa za ta bi ta riƙe likitocin da ta kashe dukiyarta wajen horarwa?

Tambayar ta shafi mazauna Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran mazaɓun Ƙaramar Hukumar Tarauni kai-tsaye, domin a tsakiyarsu ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, inda ake horar da irin likitocin da ake muhawara a kansu.

Abin da ƙudirin ya ƙunsa

A tsarin da ake bi yanzu, ɗalibin likitanci yana shafe shekara shida a jami'a. Idan ya kammala, Hukumar Kula da Aikin Likitoci ta Ƙasa, MDCN, takan ba shi lasisin wucin-gadi, ya yi shekara ɗaya yana sanin makamar aiki a ƙarƙashin manyan likitoci. Daga nan ne ake ba shi cikakkiyar rajista, ya tafi bautar ƙasa ta shekara guda. Wannan cikakkiyar rajista, tare da takardar shaidar kyakkyawan hali da hukumar ke bayarwa, ita ce ƙasashen waje ke buƙata kafin su amince likita ya yi aiki a asibitocinsu.

Johnson ya nemi a gyara dokar da ta kafa hukumar, ta yadda cikakken lasisin zai jira shekara biyar. Hujjarsa ita ce gwamnati na tallafa wa karatun likitanci a jami'o'inta, ɗalibi yana biyan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da takwaransa na Birtaniya ko Amurka, don haka adalci ne al'ummar da ta ɗauki nauyinsa ta amfana da shi kafin wasu.

Yadda muhawarar ta kasance

A zauren majalisa, Uzoma Nkem-Abonta daga Jihar Abiya ya soki ƙudirin, inda ya kamanta shi da bautar da mutane. Shugaban majalisar na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya tunatar da 'yan majalisa cewa sashe na 45 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da damar taƙaita wasu haƙƙoƙi idan maslahar jama'a ta buƙaci haka. Daga bisani mafi rinjaye suka amince ƙudirin ya wuce mataki na gaba.

Batun shari'ar ya fi yadda aka gabatar da shi sarƙaƙiya. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga da fita daga Najeriya, kuma yana cikin sassa na 37 zuwa 41 waɗanda sashe na 45 ya yarda a taƙaita saboda tsaro ko lafiyar jama'a. Sai dai sashe na 34, wanda ya haramta bautarwa da aikin tilas, ba ya cikin wannan jerin. Da ƙudirin ya zama doka, da kotu ce za ta tantance ko jinkirta lasisi taƙaita tafiya ce ko tilasta aiki.

Ƙungiyar Likitoci ta Najeriya, NMA, da ta likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, sun yi watsi da ƙudirin, suna ganin an bar jaki ana dukan taiki. A ganinsu ƙarancin albashi da rashin kayan aiki da matsalar tsaro ne ke korar likita, kuma injiniyoyi da lauyoyi ma a jami'o'in gwamnati suka yi karatu ba tare da an ɗaure su ba. Janye ƙudirin na cikin buƙatun da NARD ta gabatar lokacin yajin aikin gargaɗi na kwana biyar da ta yi a watan Mayun 2023. Ministan Ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya nesanta gwamnati da ƙudirin. Wa'adin majalisa ta tara ya ƙare a watan Yunin shekarar, ƙudirin kuma ya bi ta.

Girman matsalar

Ba a daɗe da gwamnati ta fara amincewa akwai matsala ba. A watan Afrilun 2019 Ngige ya faɗa a gidan talabijin cewa Najeriya na da rarar likitoci, furucin da ya jawo masa suka mai yawa. Shekara biyu bayan haka, a watan Agustan 2021, ana tsaka da yajin aikin NARD, ɗaruruwan likitoci suka yi cincirindo a wani otal a Abuja domin tantancewar ɗaukar aiki a Saudiyya.

A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 55,000 ne ke da lasisin aiki a ƙasar, kuma kimanin 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Idan aka raba wannan adadi ga al'ummar da ta haura miliyan 200, likita ɗaya na fuskantar mutum kusan 4,000. Wannan ma lissafin takarda ne, domin likitocin sun fi taruwa a Legas da Abuja da manyan birane. A ɓangaren ma'aikatan jinya, hukumar da ke kula da su ta ce 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Najeriya cikin jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023, waɗanda ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma bai kamata a riƙa zuwa farautar ma'aikatansu ba. Birtaniya ta ɗauki wannan jeri a ƙa'idojinta na ɗaukar aiki. Sai dai ƙa'idar kamfanonin dillancin aiki ta hana tallata guraben a Najeriya, ba ta hana likita ya nemi aikin da kansa ba.

Yadda abin ke isa Babban Giji

An kafa Asibitin Malam Aminu Kano a 1988, kuma shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bayero. Tun 2002 yake yin dashen ƙoda. Majinyata na zuwa gare shi daga Jigawa da Katsina da Bauchi, har da Jamhuriyar Nijar. Asibiti irin wannan ya dogara ne da manyan ƙwararrun likitoci, waɗanda ke duba masu ciwo mai tsanani, su kuma koyar da na baya.

Ficewar ƙwararre guda asara ce ta fuska uku. Layin masu jiran ganinsa yana ƙara tsawo. Likitocin da ke neman ƙwarewa a ƙarƙashinsa sun rasa malami. Sannan yawan ɗaliban da MDCN ke yarda makaranta ta ɗauka ya danganta da yawan malamai da kayan aikin da take da su, don haka raguwar malamai na iya rage likitocin gobe.

Akwai kuma hijirar cikin gida, wadda ba a cika ambata a zauren majalisa ba. Idan gurbi ya samu a asibitin tarayya, sau da yawa likitan asibitin jiha ne ke cike shi, saboda bambancin albashi da damar ƙaro ilimi. Asibitin jiha da ke birni kuma sai ya janyo na karkara. A ƙarshen wannan igiya akwai ƙaramar cibiyar lafiya ta mazaɓa, wadda ya kamata ta ɗauke nauyin zazzaɓi da awon ciki da rigakafin yara. Idan ta gaza, mai zazzaɓin cizon sauro daga Babban Giji ko Unguwa Uku sai ya nufi babban asibiti, ya shiga layi ɗaya da mai ciwon ƙoda daga Haɗejia. Ƙudirin shekara biyar bai ce komai a kan inda likitan zai yi waɗannan shekaru ba, ko wanda zai ɗauke shi aiki ya biya shi.

Dokokin da ke ƙasa tun tuni

Majalisa ba ta rasa dokokin lafiya ba. Bayan kusan shekara goma ana kai-kawo, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa a 2014. Sashe na 11 na dokar ya kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda za a riƙa zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Dokar ta ware rabin kuɗin ga inshorar lafiya, kashi 20 ga magunguna da rigakafi, kashi 15 ga gine-gine da kayan aiki, kashi 10 ga horar da ma'aikata, kashi 5 kuma ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 ne aka fara saka wa asusun kuɗi, naira biliyan 55, kuma majalisa ce ta saka su. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla cibiyar lafiya guda mai aiki. Kano na da mazaɓu 484, goma daga ciki a Tarauni.

Sashe na 20 na wannan doka ya haramta wa asibiti korar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, tare da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Sashe na 46 ya taƙaita tura jami'an gwamnati jinya ƙasashen waje da kuɗin jama'a. A watan Mayun 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, tare da asusun tallafa wa marasa galihu miliyan 83.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. A taron shugabannin Afirka da aka yi a Abuja cikin Afrilun 2001, an yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Kasafin tarayya ya daɗe yana yawo tsakanin kashi 4 da 6. Sakamakon haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Kundin tsarin mulki ya ambaci wadatar cibiyoyin lafiya a sashe na 17, amma wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana a kai ƙara kotu a kansa.

Inda aka kwana

Tunanin ɗaure ma'aikaci bai mutu da ƙudirin Johnson ba. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta fitar da ƙa'idar cewa sai ma'aikaci ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardun fita. Ma'aikatan jinya sun yi zanga-zanga a Abuja da Legas, kuma a wannan karon Majalisar Wakilai ce ta buƙaci a dakatar da ƙa'idar.

A watan Agustan 2024 Shugaba Bola Tinubu ya amince da Manufar Ƙasa kan Ƙaurar Ma'aikatan Lafiya. Manufar ta karkata ga rarrashi: ƙarin alawus ga masu aiki a karkara, sauƙaƙa wa waɗanda ke waje hanyar dawowa, da neman ƙasashen da ke ɗibar ma'aikatan su taimaka wajen horar da madadinsu. Gwamnati ta kuma ce ta ƙara guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun likitanci da jinya da dangoginsu daga 28,000 zuwa 64,000. Sai dai manufa ba doka ba ce. Ba ta ɗaure gwamnatin da za ta gaji wannan ba, kuma ba za ta motsa ba sai an saka mata kuɗi a kasafi.

Abin da ke hannun majalisa

A nan ne aikin wakilai ya fi bayyana. Majalisa ce ke amincewa da kasafin asibitocin tarayya, ciki har da na Malam Aminu Kano. Sassa na 88 da 89 na kundin tsarin mulki sun ba ta ikon gayyatar minista ko shugaban hukuma ya yi bayanin yadda aka kashe kuɗin da ta ware. Albashin likitocin asibitocin jiha da na ma'aikatan ƙananan cibiyoyi kuwa yana ƙarƙashin kasafin da Majalisar Dokokin Jihar Kano ke zartarwa.

Tarauni mazaɓar tarayya ce mai kujera guda cikin 24 da Kano ke da su a majalisa mai kujeru 360. Matashin da ya kaɗa ƙuri'a a Babban Giji na da damar tambayar wakilinsa abubuwan da ke da amsa a rubuce: nawa aka ware wa asibitin koyarwa a bana, nawa aka saki, gurabe nawa aka cike bayan ficewar ma'aikata, kuma wace cibiya ce a mazaɓarsa ke karɓar kuɗin asusun matakin farko. Duk ƙudirin da ya tsallake karatu na biyu yakan je gaban kwamiti, inda ake kiran zaman jin ra'ayin jama'a, kuma ƙungiyoyin unguwa na da damar miƙa takardarsu a can kamar yadda ƙungiyoyin likitoci ke yi.