Na'urar Gas A Tirelar Yawo: Ba Duk Kukanta Ne Ƙarya Ba

Duk shekara, da zarar sanyi ya ja baya a Amurka da Kanada, mutane suka fito da tirelolinsu na yawon shaƙatawa, wato ɗakunan kwanan nan masu tayoyi da ake ja da mota, sai tsohuwar gardama ta dawo sabuwa. Na'urar shinshinar gas ta tayar da iyali cikin tsakar dare, an duba murhu, an duba silinda, ba a ga komai ba. Da gari ya waye sai maƙwabci a sansani ya ce: "Maigida, zare mata fis ka huta, ƙarya take yi." Wannan shawara ce take ci mini tuwo a ƙwarya, domin mai ba da ita yana ganin taimako ya yi.

Sau da yawa na'urar ba ƙarya ta yi ba. A cikin mafi yawansu akwai wata 'yar ƙwaya ta sinadarin kuza wadda siririyar waya ke ɗumamawa dare da rana. Idan iska mai kamawa da wuta ta taɓa ta, sai lantarki ya riƙa ratsa ta da sauƙi, ƙararrawa ta ɗauka. Wani Bajapane, Naoyoshi Taguchi, shi ya ƙirƙiro wannan dabara, ta shiga kasuwa a 1968. Rauninta shi ne ba ta iya tantancewa. Turaren fesawa, maganin sauro na gwangwani da feshin gashi, da yawansu furofen ko buten ne ke tura su waje, dangin abin da ke cikin silinda. Tururin sifirit, ruwan goge ƙasa, gam ɗin sabuwar tirela da ta sha rana, har tusar karen da ya kwanta a gefenta, duk suna iya tayar da ita. Batirin tirela da ake cajinsa fiye da kima yana fitar da haidirojin, wanda ke ruɗa ɓangaren da ke gano kabon monokzayid a na'urorin da ke da shi. Haka kuma na'urar da wutar batir mai bolt 12 take aiki, idan batir ya yi sanyi sai ta riƙa 'yar ƙara tana tsayawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalili, yana kuma da magani.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne tsufa. Ƙwayar nan ba ta dawwama. Ƙura, maiƙon girki, danshi da tururin silikon suna rufe ta a hankali, shi ya sa masu ƙera ta ke yanke mata shekara 5 zuwa 7. Mutane na ɗauka cewa tsohuwar na'ura yawan surutu kawai take yi, saboda haka ko ba komai ta fi tsaro. Ba haka ba ne. Tamkar tsohon maigadi ce da ido da kunne suka yi masa rauni: kyanwa ta gifta ya tara unguwa da ihu, ɓarawo ya haura katanga bai ji ba. Yawan kukan da rashin jin duk ciwo ɗaya ne. Kada kuma maɓallin gwaji ya yaudari kowa. Idan ka danna ta yi ƙara, abin da ka tabbatar shi ne wuta na shiga, ƙahon na aiki. Bai nuna maka cewa hancin na nan da rai ba.

Me ake tsoro har haka? Furofen ya fi iska nauyi da kusan ninki ɗaya da rabi, sai ya kwanta a daɓe, shi ya sa ake kafa na'urar ƙasa-ƙasa. Da ya kai kashi 2.1 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsin makunnin fitila ya isa ya tayar da wuta. An tsara na'urar ta yi kuka tun bai kai rubu'in wannan ba. Gaskiya ne ana zuba masa sinadari mai wari don a gane yoyo, amma wari ba abin dogaro ba ne wajen tayar da mai barci. Kabon monokzayid kuwa ba shi da wari ko launi, kuma yana manne wa jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce yana kashe Amurkawa sama da 400 a shekara bisa haɗari, ban da na gobara. A watan Satumba na 2011, mutum 5 suka rasu cikin barci a wata tirelar haya a Clarksville ta jihar Tennessee, hayaƙin janareta ya shige musu, na'urar gargaɗin da ke ciki ba ta aiki. Sai a 2012 jihar ta wajabta wa masu ba da haya tabbatar da na'ura mai aiki. Abin takaici ne a ce sai an yi jana'iza kafin doka ta tuna da abu ƙarami irin wannan, kuma har yau tsohuwar tirela takan sauya hannu, a duba taya da firji, ba wanda ya tambayi shekarun na'urar.

Abin yi ba shi da wuya. Idan ta yi kuka, a fitar da kowa waje, a rufe silinda, a bar ƙofa a buɗe, kada a taɓa makunnin lantarki. Bayan iska ta wanke ɗakin, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu. Inda kumfa ke tasowa, nan ne yoyon. Idan ba a samu ba, a duba batir, a tuna abin da aka fesa. Sannan a kwance kusoshinta a karanta ranar da aka buga a jikinta ko bayanta. Idan wa'adi ya cika, a sayo sabuwa wadda aka ƙera don tirela, mai jure girgiza da zafi, ba ta gida ba. Yawanci wayoyi biyu ne kacal, a cire fis kafin a haɗa, a rubuta ranar da aka saka a inda ido zai gani.

Mu ma da muke girki da gas muna kwana kusa da janareta, iskar da ta kashe mutanen Clarksville ita ce take kashe iyalai a garuruwanmu. Duk wanda ke da irin wannan na'ura, a tirela ko a gida, ya duba shekarunta yau. Idan ta tsufa a canja ta, amma kada a kuskura a kashe ta a kwanta.