Yadda kwamfuta ke bibiyar ƙwaron da ke yaɗa kurkunu

Tun a watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da cutar kurkunu, amma ɗan ƙwaron da ke yaɗa ta yana nan daram a kududdufai da tafkuna.

Ƙwaron, wanda masana ke kira Cyclops, tsawonsa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, da ƙyar ido ke ganinsa. Danginsa da ke cikin teku su ne abincin ƙananan kifaye, kuma masana sun daɗe suna amfani da kwamfuta wajen lissafa ƙaruwarsu da raguwarsu.

A ruwan da ba ya gudu kuwa, shi ke haɗiye 'ya'yan tsutsar kurkunu, su yi kimanin mako biyu a cikinsa. Wanda ya sha ruwan ba tare da tacewa ba, bayan kamar shekara guda sai tsutsa mai tsawon kusan mita ɗaya ta ɓullo masa, galibi a ƙafa.

A 1988 an ƙidaya masu cutar fiye da 650,000 a Najeriya. Tace ruwa da ƙyalle, haƙa rijiyoyin burtsatse da rangadin ƙauyuka da Janar Yakubu Gowon ya yi tare da Cibiyar Carter ne suka kai ga mutum na ƙarshe a jihar Enugu a 2008.

Karnukan Chadi

Matsalar ta sake salo a 2012, lokacin da aka fara ganin tsutsar a jikin karnuka a bakin Kogin Chari na ƙasar Chadi. A 2019 yawansu ya kusa 2,000. Ana kyautata zaton suna kamuwa ne ta hanyar shan ruwa, ko cin kayan cikin kifin da ya haɗiye ƙwaron.

Ba za a iya ƙirga ƙwaro a kowane tafki ba, kuma sakamakon duk wani mataki sai bayan shekara ake ganinsa. Wannan jinkiri ne ya sa masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka, tare da Cibiyar Carter, suka ƙirƙiri manhajar da ke kwaikwayon karnuka da ruwan da suke sha, daga rani zuwa damina.

A cikinta ana gwada abin da zai faru idan aka ɗaure karnuka, ko aka zuba maganin Abate mai kashe ƙwaron, ko aka haɗa biyun, kafin a kashe ko sisi a fili. Sai dai maganin ba ya daɗewa, dole a maimaita shi duk wata, kuma tafkin da aka manta da shi ba ya cikin lissafin kowace kwamfuta.

A 2024 mutane 15 ne aka samu da cutar a duniya, saɓanin kimanin miliyan uku da rabi a 1986.