Aikin rage tumbi: abin da ya kamata maigida ya sani kafin ya sa hannu

A Dungas da kuma Magariya, garin da ƙungiyar MSF ke jinyar yara masu tamowa tun 2005, zancen rage ƙiba kan yi kama da ba'a. A nan ƙibar mace shaida ce ta cewa maigida na riƙon gida, har akwai masu haɗiyar deksametazon don su yi jiki. Amma ciwon suga da hawan jini sun shiga gidajen ƴan kasuwa da ma'aikata, kuma mai halin kai iyalinsa Tunis ko Alƙahira yana iya jin likita ya kawo shawarar fiɗa.

A irin aikin da ya fi yawa yau, ana cire kimanin kashi 80 cikin 100 na tumbi. Ta fannin shimfiɗar aure, labarin mai daɗi ne. Wani bincike na Amurka da aka buga a 2019, kan mutum fiye da 2,000, ya nuna cewa kimanin rabin matan da ba su gamsu da wannan fanni ba kafin aikin sun samu sauƙi, kuma sauƙin na nan bayan shekara 5. Haila kan daidaita, ciki kan zo ba zato. Shi ya sa likitoci ke cewa a jinkirta ɗaukarsa wata 12 zuwa 18. A ƙasar da uwar miji ke ƙirga watanni, wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne.

Zuciya kuwa, wuƙar likita ba ta kai gare ta. Baƙin ciki kan ragu da farko, ya dawo wa wasu daga baya, kuma an lura haɗarin kashe kai ya fi yawa cikin waɗanda aka yi wa aikin. Ga fata mai saki, wadda kan sa mace jin kunyar mijinta. Ga bakin mutane: wadda ta rame cikin wata shida, a gidan biki za a ce kishiya ce, ko sammu, ko ciwon zamani.

Sai kuma bitamin B12 da maganin ƙarin jini, da awon jini a kai a kai, har iyakar rai. Daga Dungas, wannan na iya nufin hawa mota zuwa Damagaram. Maigidan da ya biya kuɗin jirgi ya sa wannan ma cikin lissafi, ya kuma tambayi uwargida ko ita ce ke so.