Kibod mai fitila: na 'yan gem ne, amma mai buga takarda ya fi morarsa

Duk wanda ya leƙa shagon kayan kwamfuta a 'yan shekarun nan ya ga wani kibod yana walwali, ja na bin kore, kore na bin shuɗi, sai ka ce ƙofar gidan biki. Kamfanoni irin su Razer da Corsair da Logitech sun ƙera shi ne domin masu buga gem. Shi ya sa malami ko akawu ko mai shagon buga takardu kan kalle shi ya ce kayan yara ne. A ganina kuskure ne, sai dai ba launukan ne abin saye ba.

Ita fitilar ba 'yan gem suka fara ta ba. Tun a 2003 kamfanin Apple ya fitar da PowerBook G4 mai inci 17 da madannai masu haske. Amfaninta ɗaya ne: a ɗauke wuta da dare, kwamfuta tana kan batir, kana ganin haruffa ba sai ka kunna tocilar waya ba. Farin haske maras ƙarfi ya wadatar. Launi miliyan 16.8 da ake rubutawa a jikin kwali lissafi ne kawai: ja da kore da shuɗi kowanne yana da mataki 256, aka ninka su. Babu mai buga jarabawar ɗalibai da ke buƙatar ko goma daga ciki.

Wutar da fitilar take ci ba ta taka kara ta karya ba, domin kafar USB 2.0 ba ta ba da fiye da wat 2.5. Amma idan kibod ɗin maras waya ne, labari ya sha bamban. Logitech da kansu sun ce MX Keys ɗinsu, wanda na ofis ne ma, yana yin kwana 10 idan fitila na kunne, idan kuwa a kashe take sai ya kai wata 5.

Abin da ya cancanci kuɗinka yana ƙarƙashin madannan. Kibod na gama-gari shimfiɗar roba ɗaya ce a ƙasa, sai ka danna har ƙasa kafin harafi ya fito, kuma da ta kwana biyu sai ta saki. Na gem mai kyau kuwa kowane madanni da nasa makunni da sifirin. Wanda ya fi shahara shi ne Cherry MX, ƙirar Jamus, da ya fito tun farkon shekarun 1980. Daga baya kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh suka shiga yin irinsa, farashi ya sauko. Madannin yana nutsewa milimita 4, amma tun a milimita 2 harafi ya riga ya shiga, don haka yatsa ba ya wahala. Kamfanin Cherry ya ce kowanne yana jure dannawa miliyan 50 ko fiye. Makunnan iri-iri ne, ana gane su da launin sandar ciki. Ja santsi ne, ba ya tirjewa, 'yan gem suna son sa. Ruwan ƙasa yana ɗan tirjewa a tsakiya, hannu ya san harafi ya shiga, kuma shi na fi yaba wa mai yawan rubutu. Shuɗi yana ƙas-ƙas da ƙarfi. Daɗin bugawa gare shi, amma idan ofis ɗinku na mutum huɗu ne, ko kana aiki iyali na barci, to ka sayo rigima.

Ga marubucin Hausa akwai wata garaɓasa. Yawancin waɗannan kibod suna zuwa da manhaja da ake umartar madanni ya fitar da abin da aka ga dama. Ɗan gem yana sa masa dabarun faɗa. Kai kuma kana iya ɗora ƙ da ɗ da ɓ, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar, a kan madannan da ba ka taɓawa. Gaskiya Windows tana da tsarin kibod na Hausa, akwai kuma manhajar Keyman kyauta, amma madanni guda da aka keɓe ya fi saurin shiga hannu.

Sauran abin da ake tallatawa, kamar aika saƙo ga kwamfuta sau 1,000 a daƙiƙa maimakon 125 na kibod na gama-gari, ba ruwan mai buga wasiƙa da shi.

Sai a yi hattara da na araha. Da yawa robar nan ce dai a ciki, aka yi mata ado da fitila. Wani ma hasken ta gefen madannai yake fitowa, haruffan kuwa suna cikin duhu. Kafin ka biya, ka sa a jona shi, ka kare shi da tafin hannu ka ga ko harafin kansa yana haske. Ka tambaya ko ana iya tsayar da shi a launi ɗaya, a rage, a kashe. Sannan ka ce a cire maka madanni guda: idan ka ga 'yar sanda mai kan alamar tarawa, galibi na gaske ne, kuma da hunturu haka za ka riƙa cire su kana kaɗe ƙura.