Gedling da Marina: Unguwanni Biyu da Sana'a ta Haifa

A gefen birnin Nottingham na Ingila akwai wata unguwa, Gedling, wadda haƙar kwal ta raya. An buɗe raminta a farkon ƙarni na 20, ma'aikata suka yi ta kwarara, har da baƙaƙen fata daga Jamaika bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Katsina kuwa muna da Marina, wadda rini ya kafa tun kafin Turawa su san hanyar ƙasar Hausa. Waliyyi Ɗan Marina, malamin ƙarni na 17, sunansa ma daga wannan sana'a ya samo asali.

Bambancin farko shi ne wanda ya mallaki ramin. Mahaƙin Gedling ɗan ƙwadago ne. Ramin na kamfani ne, daga 1947 kuma ya koma hannun gwamnati. Marini kuwa karofinsa gadon gidansu ne. Shi zai zuba baba da toka da katsi, ya yi ta motsawa kwana da kwanaki har ruwan ya nuna, ya tsoma zane ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa. Daga nan sai mabuga su karɓa su yi ta bugu a kan gungume har turkuɗi ya ɗauki ƙyallin da Buzaye ke so. Ko a masallaci ka haɗu da marini, shuɗin hannunsa ya gaya maka aikinsa.

Shi ya sa mutuwar sana'o'in biyu ba ta zo iri ɗaya ba. Ta Ingila da hayaniya ta zo. Mahaƙan ƙasar sun yi yajin aiki na kusan shekara guda daga 1984 zuwa 1985, gwamnatin Margaret Thatcher ta yi galaba a kansu, aka rufe Gedling a 1991. Rana ɗaya magidanta suka wayi gari ba abin yi. Rinin Katsina kuwa ba wanda ya sa masa kwaɗo. Yadin Turawa ya shigo, galura ta sauƙaƙa rini a cikin tukunya, daga baya atamfar Sin ta cika kasuwa, 'ya'ya suka kama boko da tireda. A hankali karofi ya zama wurin zuba shara.

A ganina mutanen Gedling sun fi shan wuya, domin marini ya samu shekarun canza sana'a, mahaƙi bai samu ba. Amma sun fi mu riƙon tarihi. A 2015 aka mayar da filin ramin wurin shaƙatawa, akwai kuma abin tunawa da waɗanda suka rasa rayukansu a ƙarƙashin ƙasa. Kanawa ma, a nan kusa, sun riƙe karofin Ƙofar Mata, baƙi na zuwa gani.

Ya kamata masarauta da hukumar tarihi da al'adu ta jihar Katsina su ware ko karofi goma, su gyara, su zaunar da dattawan marina su koya wa yara tun suna raye.